Agogon da na saya wa Inna

Bayan Baba ya rasu cikin barcinsa, hankalina ya ƙi kwanciya da barcin Inna. Ina zaune a Sabon Gari, kusa da makarantar da nake koyarwa, ita kuma tana gidanmu na Fagge, ta ce ba inda za ta. Sai na saya mata wani agogon hannu a shagon maƙwabciyata, wata 'yar Ibo mai sayar da wayoyi. Idan mutum ya yi barci, agogon yana bin numfashinsa da bugun zuciyarsa, ya aiko da sakamakon zuwa wayata.

Inna ta jujjuya shi. "Wato barcin ma sai da mai gadi?" Amma ta ɗaura.

Wata biyu ban huta ba. Kullum kafin alwalar asuba sai na duba waya. A aji ma ina rubutu a allo, zuciyata tana cikin jaka.

Wata safiya na ga jan layi: numfashi ya yi ta ɗaukewa, zuciya tana gudu. Na kira ta sau uku, ba ta ɗaga ba. Na tari a-daidaita-sahu, motocin kayan kasuwar Kwari suka tare hanya, na sauka na ƙarasa da ƙafa, mayafina a hannu.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe.

"Inna, lafiyarki kuwa?"

"Ke zan tambaya. Wa ya biyo ki?"

Babu agogo a hannunta. Ta nuna mini ɗaki da haɓa. Ashe Gwaggo ce ke barci a ciki, ƙanwar Baba, ta zo daga Zariya jiya.

"Minsharinta irin na babanki ne," in ji Inna, ta rage murya. "Sai ta yi tsit, can kuma ta ja da ƙarfi. Nasa na ji shekara da shekaru, na ɗauka gajiyar kasuwa ce. Shi ya sa na ɗaura mata."

Ranar muka kai Gwaggo asibiti, tana ta faɗan an tayar da ita a banza. Likita ya ce agogo ba ya yanke hukunci, ya sa aka yi mata gwaji. Aka gano maƙogwaronta ne ke toshewa in ta kwanta, aka fara yi mata magani. Da agogon ta koma Zariya.

Na ce zan sayo wani. Inna ta ce a'a, in ina son sanin yadda ta kwana, in zo in tambaye ta da bakina. Ranar Juma'a na kwaso rabin kayana zuwa Fagge.