Malam Jinaidu da Dutsen Mabera

A duk faɗin ƙasar Sakkwato ba a taɓa yin wanda ya kai Malam Jinaidu ƙwarewa wajen ɗaukar hoton duwatsu da farin wata ba. Ba a kuma taɓa yin wani da ya gwada ba, domin birnin ba shi da dutse. In mutum ya hau soron gidansu, ya gama hawan da zai yi.

A Gidan Igwai aka haife shi, gidan mahauta. Bai gaji wuƙa ba, saboda ganin jini yana sa shi jiri, abin da mahaifinsa bai daina mamaki ba har ya koma ga Allah. Aka kai shi koyon hoto. Da ya ƙware ya kama shago a Mabera, a wani layi da ke zama tafki duk damina, ya auri Tasalla, suka haifi 'ya'ya. Ya yi zamani da hotunan biki da na suna. Da wayoyi suka zo, kowa ya zama mai hoton kansa, aka bar masa fasfo: na shiga makaranta, na neman aiki, na zuwa Makka. Yakan ce ya san fuskar rabin Mabera daga wuya zuwa sama.

Maganar dutse ta samo asali tun yana saurayi. Maigidansa ya aike shi Kano sayen filim. A hanyar dawowa mota ta lalace musu kusa da Kwatarkwashi bayan faɗuwar rana. Fasinjoji suka sauka suna zagin direba, shi kuwa ya ɗaga kai ya ga dutsen nan tsaye, wata ya fito masa ta baya, gefensa guda fari tas, ɗayan baƙi wuluk. Filim na cikin jakarsa, kyamara na Sakkwato. Ya yi niyyar komawa. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, daga baya kuma hanyar ta zama irin wadda ba a bi bayan la'asar, balle a kwanta a gefenta ana jiran wata.

Sai Allah ya kawo ɗan kwangila. Ana gab da wani zaɓe aka ba shi aikin gyaran layin su Jinaidu. Tifofi suka yi ta zuwa suna juye jar ƙasa a fili guda a ƙarshen layin, wata kan wata, har tulin ya ɗara katangar makarantar da ke kusa. Aka yi zaɓe, ɗan kwangila ya tafi kawo katafila. Damina ta zo ta zaizaye tulin ta yi masa kwazazzabai, rana ta gasa shi ya yi tauri, ciyawa ta tsiro masa a kafaɗa. Shekaru suka shuɗe, katafila tana hanya.

Wata rana Jinaidu yana dawowa daga sallar isha'i, babu wuta kamar kullum, igiyar takalminsa ta tsinke daidai wurin. Ya durƙusa zai gyara. Da ya ɗago daga nan ƙasa sai ya ga wata yana leƙowa ta bayan tulin. Ya daɗe a durƙushe har wani mai kabu-kabu ya tsaya yana tambaya ko ciwon ciki ne.

Daga ranar ya sami aikin yi. Hoton farin wata ba a ɗaukarsa da gaggawa. Sai ya kwanta rub da ciki, ya ɗora kyamara kan bulo, ya bar idonta a buɗe na ɗan lokaci tana tara haske, kuma kada komai ya motsa. Daga can ƙasa, in an kauce wa turken lantarki da rufin makaranta, babu mai rantsuwa cewa ba dutse ba ne. Matsalar ita ce daren da ya dace ɗaya ne a wata, daren sha huɗu, kuma Mabera ba ta san da wannan ba. In sama ta yi garau, sai a kawo wuta, ƙwayayen ƙofar gidaje su wanke tulin da haske. Shi kaɗai ne a unguwar yake tsaki in yara suka yi ihun an kawo wuta. In babu wutar, sai keke napep ya ratso da fitila. Akwai kuma akuyar maƙwabta da ta ɗauki ƙololuwar wurin makwanci; da ta hau, kowa zai gane tsawon dutsen bai wuce akuya goma ba.

Tasalla ce ke wanke rigunan, duk gabansu ja. Ba ta hana shi ba. Ta dai ce mazan wasu in sun fita bayan isha'i da turare suke dawowa, nata da ƙasa, kuma ta gode wa Allah. Taubashinsa Ɗayyabu, mai shayi a tsakiyar layin, shi ne bai bar shi ya huta ba. Kullum ya gan shi sai ya ce, "Sarkin Dutse, yaushe za ka kai mu hawan Arfa? Ga shi nan kusa, ba sai mun yi biza ba."

A cikin duk waɗannan watanni ya sami hoto guda da bai goge ba. Ƙaramin gajimare ya ɗan ci gefen watan, don haka a wurinsa gwaji ne kawai. Na gaskiyan yana gaba.

Mutanen layin kuwa hanya suke so. Sun kafa kwamiti, suka ba Baba Mode shugabanci, tsohon malamin makaranta wanda ya taɓa faɗawa kwata da fararen kaya a hanyar masallacin Juma'a, bai kuma yafe ba. Kwamiti ya yanke shawarar a ɗauki hoton ƙasar da aka yasar a watsa a waya, ko kunya ta kama wani. Da yake suna da mai hoto a layi, ba a nemi na waje ba. Jinaidu ya ce batir ya mutu. Mako na gaba ya ce hasken rana ya yi yawa. Daga nan Baba Mode ya tako da sandarsa har shago ya zauna, ya ce ba ya sauri.

Dattijo irin wannan ba a ce masa a'a. Amma Jinaidu bai iya fita da tsakar rana ya ɗauki dutsensa da ledoji da kashin awaki ba. Ya yi tunani, ya ga mafita: zai ba su hoton gwajin. Duk mai ido da ya gani zai ce a bar wurin yadda yake. Ya ciro shi ya miƙa.

Baba Mode ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Jinaidu, wanga wace ƙasa ta?"

"Bayan gidanka na, Baba."

Tsohon ya sake dubawa. Ya ce to, a tura wa yaran kwamiti.

Hoton ya yi tafiyar da mai shi bai taɓa yi ba. Aka riƙa tura shi ana cewa an gano sabon dutse a Sakkwato, wasu na tambaya ko akwai kuraye a ciki, wasu na ba da shawarar a sa ƙofa a riƙa kai 'yan makaranta. 'Yan birni suka riƙa zuwa gani da rana, suna komawa da fushi. A gidan rediyo ma an yi raha da shi. Babu wanda ya tambayi sunan mai hoton, sai dai kowa ya tambayi sunan ɗan kwangilar. Abin da takardun koke ba su yi ba, dariya ta yi. Aka nemo mutumin.

Katafila ta iso da safiyar sha biyu ga wata. Damina ta riga ta ɗauke, sama wasai, taransifomar unguwa ta ƙone ba a san ranar gyaranta ba, akuyar kuma an yanka ta a sunan jikan maƙwabta. Jinaidu bai taɓa samun wata irin wannan ba. Ya sa rigarsa mafi kyau, ya ratsa taron masu murna, ya je wurin direban, ya gaishe shi da aiki, ya roƙe shi ya fara da wani abin, ya bar tulin zuwa jibi.

Direban ya dube shi daga kan kujerarsa. "Malam, kai kaɗai na a layin ga ba ka son hanya?"

"Ina so. Jibi nika so."

"In munka tafi yau ba mu taɓa ta ba, sai wani zaɓe."

Jinaidu ya ce hakan ma ba laifi. Ɗayyabu ne ya janye shi kafin maganar ta kai kunnen kwamiti, ya zaunar da shi a benci, ya haɗa masa shayi mai kauri, bai kuma tsokane shi ba ranar, abin da ya fi tsokanar ciwo.

A taron godiya Baba Mode ya ambaci sunansa, ya ce ba don hotonsa ba da har yanzu ƙasar nan tana nan. Aka tafa masa. Jinaidu ya miƙe ya amsa da hannu, kamar yadda ya kamata. Har yau yana shagonsa yana ɗaukar fasfo, yana ce wa mutane su ɗaga haɓa, kada su motsa.

Ranar da katafila ta zo, kafin azahar ta gama baje dutsen. Ya cike ramuka daga masallaci zuwa teburin Ɗayyabu. Bai kai ƙofar shagon Jinaidu ba.