Bazarar da Na Yi wa Fasto Wa'azi

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Jiya jikata ta zauna a tsakar gida tana ɓare gyaɗar iri, ƙurar ɓawon ta shigar mini hanci, sai ga ni na koma Gagarawa Tasha ina ɗan yaro, ƙafa duk faso, ilimi bai cika cokali ba.

A lokacin jirgin ƙasa yana da rai. Ma'aikatan reluwe, yawancinsu mutanen kudu, suna da wata 'yar coci ta ƙasa a bayan tasha. Mai yi musu wa'azi wani dattijo ne dogo siriri, Bahaushe kamar ni da kai, daga ƙasar Zazzau. Baba Fasto muke ce masa. Katanga ce kawai tsakaninmu. Inna takan aika masa da tuwo, matarsa ta maido kwanon da kunun gyaɗa. Da rana yakan zauna a gindin darbejiya yana rubutu a kan gwiwa, ya rubuta ya soke, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon layin dogo. Shekarar da ciwon ido ya kusa makantar da ni, shi ya riƙa ɗiga mini magani safe da yamma har na koma gane fuskar uwata.

To, wata rana wani babban ɗalibi a makarantar allo ya gaya mini inda Baba Fasto zai je idan ya mutu. Har zafin wurin ya kwatanta mini, kamar ya taɓa leƙawa. Ran nan tuwo bai wuce mini ba. Na sami kakana, limamin unguwa, na kai masa maganar ina kuka. Ya dube ni ya ce, "Kai aka ba mabuɗin Aljanna? Tashi ka ba akuya dusa."

Ban gamsu ba. Tunda manya sun yi sakaci, na ce ni zan ceto mutumin. Ka lura, a lokacin karatuna bai wuce ƙananan surori ba, bokon kuwa a aji uku muka rabu da shi ba tare da sallama ba. Na ɗauki hular yayana, wadda ke rufe mini kunne, na shiga gidan na yi sallama da babbar murya.

"Baba, na zo yi maka wa'azi."

Bai yi dariya ba. Wallahi da ya yi, da na huta. Ya rufe littafinsa, ya gyara zama, ya ce, "Madalla. Amma malam, ni kunnena ya fi buɗewa idan hannu yana aiki." Ya jawo buhun gyaɗa ya ajiye a tsakaninmu.

Haka muka cinye bazarar nan. Rana tana dukan kwanon rufin tasha, iska ko ganye ba ta motsawa, ni ina zuba wa'azi ina ɓare gyaɗa, shi yana gyaɗa kai. In na yi tuntuɓe a aya, ya ɗora ni a hankali, don ya fi ni sanin ta. In ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina, in ce sai gobe, in ruga wajen kakana, shi kuma ya ba ni amsa yana murmushi ya ce in gaida maƙwabci. Sai da na girma na gane tsofaffin nan biyu muhawararsu suke yi, ni ne jakin da ke kai kaya. Yatsuna suka yi kanta, buhu ya ƙare aka kawo wani, ni kuwa kullum ina gaya wa Inna saura kaɗan.

Wata rana na gaji na ce, "Baba, kai ba ka jin tsoro?"

Ya ce, "Ina ji. Kai nake ji wa. Kullum sai na sa ka a addu'a."

Na ji haushi ƙwarai. Ni da na zo ceto, ashe ni ma a layin ceto nake.

Da ruwan farko ya sauka, aka kira shi kudu koyarwa a makarantar fastoci. A tasha, ana loda akwatunansa na littattafai, na ja shi gefe na raɗa masa, "Baba, faɗi kalmar shahada kawai, ba wanda zai ji." Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Abin da za ka faɗa don kada a ji, kakanka zai karɓa daga gare ka?" Jirgi ya yi kuka. Ban sake ganinsa ba.

Yanzu jirgi ya daina zuwa, cocin ta zube, wurin ya zama gonar riɗi. Kwano ba ya ƙetare katanga kamar da. Jikokina suna kunna masu wa'azi a waya, na nan da na can, kowa yana ihu, ba mai sauraron kowa. Ni dai na gaji, gwiwa ta gaji, kunne ma ya gaji.

Bara wasu matasa suka zo a motar haya, ɗaliban makarantar fastoci, suna neman inda Baba Fasto ya zauna. Suka ce ya daɗe da rasuwa, amma har yau littattafansa ake karanta musu, wai babban masani ne. Aka kawo su wurina. Na shimfiɗa tabarma, na sa aka dama musu fura, na nuna musu kututturen darbejiyar. Ɗayansu ya tsuguna ya dafa shi. Ni kuwa har yau ban daina ji wa tsohon nan tsoro ba, sai na rufe da cika baki. Na gyara murya na ce, "'Ya'yana, ku gode wa jirgin ƙasa. Da an ƙara mini bazara ɗaya, da ba ku da littafin karantawa."

Sai muryar matata daga bayan zana: "Malam, jikanka da ke kwana a ƙarƙashin rufinka ka kasa tashinsa sallar asuba. Ba su furarsu su sha."