Kwalabe Masu Murfi

Shekara ashirin da ɗoriya tana haɗa man kitso a tsakar gidanta, tana ɗurawa a tsofaffin kwalabe, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Kwalba. Mace ce mai baki, ga alfahari da sana'a. Takan ce ko ido rufe aka miƙa mata kwalba za ta faɗi inda ta kwana. Kwalbar tsintuwa, in ji ta, ba ta zuwa da murfi, takardar jikinta kuma rana ta gama cinye ta. Neman murfi shi ne ciwon kanta na kullum.

Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Uku suka yi aure suka watse, aka bar ta da Auta, 'yar shekara sha shida, wadda ko tsintsiya sai an kai ruwa rana take ɗauka.

Sai ga Auta ta fara dawowa daga makaranta da kwalaben maganin tari a jaka. Yau biyu, gobe uku.

"A ina kika samo waɗannan?"

"A hanya na tsinta, Umma."

"Iye! Yau malalaciya ta yi abin kai. Allah ya yi miki albarka. Gobe ma ki ƙaro."

Ta ƙaro kuwa. Da barcin rana ya yi wa yarinyar yawa, Mai Kwalba ta ce girma ne. Da harshenta ya yi nauyi, ta ce gajiyar karatu ce. So hana ganin laifi.

Wata Talata da hantsi aka aiko daga makaranta. Auta ta kifa kai a kan tebur, an tashe ta ba ta tashi ba. A asibiti likita ta tambayi uwar tun yaushe yarinyar ke shan maganin tari.

"Likita, 'yata ko tari ba ta yi."

Kafin la'asar Auta ta cika.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, zaman shiru ya ishe ta, ta jawo bahon da take tara kwalaben Auta za ta wanke. Ta ɗauki ɗaya. Takardarta fes, sabuwa. Ta ɗauki wata, ta ɗauki wata. Kowace da murfinta.

Shekara ashirin tana koya wa mutane wannan. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta rungume bahon tana kuka kamar ranta zai fita.

"Ni na ce ta ƙaro," take faɗi. "Har albarka na sa mata."