Baffa Mikail, Mai Mayar da Matafiya Gida

Idan aka sallame sallar asuba a masallacinmu na Ƙofar Ruwa, kowa yakan koma gida ya ɗan runtsa ko ya nemi koko. Ban da Baffa Mikail. Shi jarka yake ɗauka ya nufi bakin titi, inda tsohuwar farar bas ɗinsa take kwana, domin lungunmu ba ya cin mota. Ya buɗe bayanta, wanda ya cire wa kujeru tun da daɗewa, ya wanke da ruwa da omo, ya shimfiɗa tabarmi, ya ajiye farin yadi da safar hannu da kwalbar turare. Sai ya zauna kan benci da carbinsa yana jira. Duk unguwa an san abin da yake jira, shi ya sa ba mai ce masa Allah ya kawo kasuwa.

Baffa direban jirgin ƙasa ne a ƙuruciyarsa. Ya ja taragai cike da mutane da gyaɗa da shanu daga Kano har bakin teku. Da harkar jirgi ta yi sanyi, jama'a suka koma kan kwalta, shi kuma ya ajiye aiki. Wata rana yana cikin motar haya zuwa Zariya suka tarar da haɗari. An jera mutane a gefen hanya an rufe su da ganye, ƙafafunsu a waje. Direbansu ya rage gudu, fasinjoji suka yi salati, mota ta ci gaba. Baffa ya ce a sauke shi. Ya yini a wurin yana kore ƙuda yana tambayar duk wanda ya tsaya ko ya san wani. Bai kai Zariya ba ran nan. Da haƙƙinsa na barin aiki ya fito, bas ya saya, kuma ba ta taɓa ɗaukar fasinja mai biya ba.

Kai ne gatan wanda ya faɗi inda ba a san shi ba, Baffa. Kai ne ka koyi ɗaga mutum ba tare da ka ƙara masa karaya ba, ko da ya riga ya daina jin ciwo. Matarka Nana ta gaya wa matanmu cewa tun ranar da wata tankar mai ta kama da wuta ta haɗa da motar fasinja, ba ka sake kai gasasshen nama bakinka ba. Da babbar sallah, in an fara suya, kan ganuwa kake tafiya ka zauna har hayaƙi ya lafa. Ba ka taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Gwaggona Hajiya 'Yardada ce ta ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗanta Audu baduku ne a Kasuwar Kurmi. Ya ɗauki buhun jakunkunan fata zai kai Abuja, motarsu ta yi taho-mu-gama da tirela. Wayarsa ta tafi, buhun ya tafi, ba komai a aljihunsa da zai nuna ko shi ɗan wane ne. An kai shi wani ƙaramin asibiti da ba shi da wurin ajiye gawa mai sanyi. 'Yan'uwan sauran suka zo suka ɗauki nasu, ya rage shi kaɗai. Aka ce in la'asar ta yi ba a zo ba, za a rufe shi a nan.

Labari ya kai ga Baffa, ya iso asibitin, ya nemi ruwa ya fara goge masa jiki. Da ya zo kan yatsu, ya goge ya sake gogewa, jan da ke jikinsu bai fita ba. Ya kai hannun kusa da idonsa, ya ga ba jini ba ne, rinin fata ne da ya kama tun da daɗewa, ga kuma kanta inda basilla take zama. Ya roƙi ma'aikatan su ba shi zuwa gobe. Ya juyo Kano, bai tsaya ko'ina ba sai layin dukawa a Kurmi, yana bin rumfa rumfa: "Wa ya yi tafiya a cikinku bai dawo ba?"

Aka ce masa Audu, aka raka shi gidan 'Yardada. Ta fito soro, ta dube shi.

"Kai ne mai farar mota?"

"Ni ne, Hajiya."

"To kada ka wahalar da kanka da kewaye-kewaye. Fuskarsa tana nan?"

"Tana nan."

Ta dafa bango ta zauna a ƙasa, ta yi inna lillahi. Can ta ce, "Kawo mini shi in gani."

Washegari kafin azahar Audu yana gida. Uwarsa ta shafa kansa, aka sallace shi a ƙofar gidan ubansa, aka kai shi kusa da kakanninsa. 'Yardada ta aika wa Baffa turmin shadda. Ya mayar, ya ce in ta yarda a canza masa da farin yadi.

A daminar da ta wuce muna zaune a majalisa bayan la'asar, rediyo yana muhawara a kan ko ya dace a zuba dukiyar ƙasa a gina jirgi mai tsananin gudu da zai haɗa manyan birane. Malam Zaharaddeen, wanda yake koyarwa a firamare, ya kashe rediyon da fushi.

"Ajina ba rufi," in ji shi. "In hadari ya taso sai in tashi yara. Asibiti ba magani. Sai a ɗora wa jikokinmu nauyi don Alhazai su isa Abuja kafin shayinsu ya huce? Mai son jirgi ya gina da aljihunsa."

Na ce masa ai titin ma da dukiyar ƙasa aka shimfiɗa shi, kuma ga abin da yake ci kullum. Muka yi ta ja. Daga ƙarshe muka juya ga Baffa, kowa yana zaton tsohon direban jirgi zai tsaya wa jirgi.

Baffa ya ce, "Malam bai faɗi ƙarya ba. Ni gudu ba ya burge ni, gudu ne yake cika mini mota. Amma in 'yan kasuwa suka gina, sai mai hali zai hau. Mutanen da nake ɗaukowa ba don sun fi son motar ba suka shige ta, ita suka iya. In da dukiyar kowa za a gina, to a gina wanda Audu zai shiga da buhunsa. In ba haka ba, a yi wa Malam rufi, ni kuma in ci gaba da abin da nake yi."

Ba wanda ya ci gardamar. Ni har yau ina ganin a gina, Malam Zaharaddeen har yau yana ganin a bari. Abin da ya canza shi ne, yanzu in mun yi musun, da sunan Audu muke yi.

Idon Baffa ya daɗe yana yin hazo, yana ɓoyewa. Watan jiya yana dawowa da gawar wata tsohuwa, saura ƙiris ya hau kan mai kura da bai gani ba. Ya tsaya a gefen titi, ya nemi wani direba ya ƙarasa da su. Da gari ya waye ya miƙa wa liman makullin.

"Na ƙare rayuwata ina kwasar abin da wasu suka zubar," ya ce. "Ba zan zama mai zubarwa ba."

Ba a yi mako biyu ba aka aiko nemansa. Wata mota ta faɗi, akwai mace da goyo da ba a san danginsu ba. Aka nemi wanda zai ja bas ɗin a unguwa, wannan yana da rumfa, wancan ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ni ma ina cikin masu uzuri. Aka rufe su can a garin da suka faɗi. Da labari ya iso, Baffa ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wani gida yanzu ana ta leƙa ƙofa."

Mun gode, Baffa Mikail. 'Yardada ta gode, da duk uwar da ta san inda kabarin ɗanta yake saboda kai. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ranar da taka tafiyar ta zo ka cika a kan shimfiɗarka, naka suna kewaye da kai.

Ku kuma da kuke karantawa, ko an gina jirgin ko ba a gina ba, gobe da safe mutanenmu za su cika tasha su hau hanya, kuma ba dukansu za su sauka da ƙafafunsu ba. Wanda ya iya tuƙi, kuma yake da zuciya, ya zo Ƙofar Ruwa ya tambayi liman. Baffa ya ce zai zauna a gefensa ya koya masa yadda ake ɗaga mutum.