Falalen Dutsen Bakin Dam

Ƙanin mijina ya zubar mini da tumatir kwando tara a ruwa, kuma har yau ban yafe masa ba. Ya rasu, na je gaisuwa, na ci gumbar sadaka, amma ban yafe ba.

A farkon shekarun tamanin ne, lokacin da ruwan dam ya wadaci gonakin Kura da Bunkure, tumatir ya yi yawan da sai manomi ya roƙi mai mota kafin ya ɗauka. Mu matan da ba mu da mai noma mana, sai mu sayi wanda ya kwana, mu tsaga shi biyu, mu shanya ya zama kauɗa, mu ɓoye sai damina, lokacin da take tsada. Da wannan nake ciyar da 'ya'ya huɗu tun da ubansu ya kwanta dama. Wurin shanyata wani falalen dutse ne a bakin dam, shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, ba yashi, ba akuya. Kwana uku kauɗa ta bushe ja wur.

Sai ga ƙanin mijin nawa ya dawo daga Ikko, inda ya shekara takwas yana kuku a wani otal na bakin teku. Ya zo da wando mai faɗin ƙafa da wani abokin harka mai ƙaton ciki. Wai bakin dam ɗinmu teku ne da bai san kansa ba. Suka gina bukkoki shida, suka yi musu farar ƙasa, suka sa tifa ta juye yashi a gaɓa, suka kewaye da waya. Ranar Asabar Turawan da ke aikin kanal na ban-ruwa da matansu, da wasu Kwarori daga Kano, sai su zo su tuɓe su kwanta a rana. Wasu su sa gilashi a fuska da takalmin kwaɗo su nutse, ban san me suka ajiye a ƙasan ba. Kuma daga kan dutsena suke son yin tsalle, don nan ne ruwan ya fi zurfi.

"Matar yaya," in ji shi, "ki nemi wani wurin shanyar."

"Ɗan Ikko, dutsen na kakanka ne ko na uban ɗakinka?"

"Baƙi ba sa son ƙuda. Shiru suke so, da rana, da ruwa."

"Ni ma ranar nake so. Ƙarewa za ta yi in mun raba?"

Ya yi dariya, ni ma na yi, don tsakanina da shi akwai wasa tun ina amarya. Na ɗauka magana ta wuce.

Asabar ɗin da ta biyo na shimfiɗa tumatir tun hantsi, yankan kwana biyu, har yatsuna sun yi kanta. Na je gida sallar azahar. Da na dawo, dutse wayam, an ma wanke shi. Bakin ruwa ya yi ja, tumatirina na yawo a kai. Wani Bature ya ɓullo daga ƙasa da ɓari guda a tsakar kansa, matarsa tana dariya tana ɗaukarsa hoto. Ƙanin mijina kuma yana tsaye da tsintsiyar kwakwa a hannu, bai ko ɓoye ta ba.

Ban yi kuka ba. Na wuce wurin mai unguwa.

"Haƙuri za ki yi, 'yar nan," ya ce. "Tun da aka tare ruwan nan, gaɓa da duwatsunta na hukuma ne. Shi kuwa yana da takarda."

"Takardar ce ta ce ya zubar da abincin marayun ɗan'uwansa?"

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. A lokacin ban shiga yaƙi da jahilci ba, don haka ko an miƙo mini takardar ba abin da zan tsinta a ciki. Dutse dai ya tafi, na sani.

A hanyar komawa na bi ta wata 'yar gona da mijina ya bari, siririya kamar ɗankwali, wadda ba ma nomawa saboda tsakuwa. Na tsaya ina huci, sai na lura iyakarta ta haɗu da wayarsu ta gabas. Iska kuwa duk rani daga nan take busowa, ta ratsa bukkokin, ta sauka kan yashin da suke kwanciya. Na kuma san abin da ke jibge a bakin titin Zariya: ruɓaɓɓen tumatir tsibi-tsibi wanda motoci suka ƙi, ƙuda ya yi masa baƙi, masu shi har godiya suke yi in an kwashe. Gona tawa ce, ba wanda ya taɓa hana mutum zuba taki a gonarsa.

Washegari da sassafe na ari jakuna uku wurin maƙwabcina, na ɗaura ɗamara, na yi sawu huɗu kafin rana ta take. Ina juye mangala ta ƙarshe a gindin waya ƙanin mijina ya fito da gudu, hannu a hanci.

"Matar yaya, mene ne haka?"

"Taki ne, Ɗan Ikko. Bana zan yi noma."

Na kaɗa jakuna na koma ɗauko sawu na biyar.