Ranar da Aka Ce Kaka Kurma Ce

A ƙauyenmu na Jazira, kusa da Hasahisa, da an idar da magariba sai Kaka ta hura wuta da karan dawa, ta ɗora jabanarta, 'yar tukunyar dafa gahawa, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ga ta a bakina, wa ka so?" Mu ce, "Mu, Kaka!" In ba ta ji amsa ba, ba ta ci gaba.

Wadda na fi tunawa ita ce ta giwa mai ciwon kunne. Giwa ta wayi gari kunnenta na zugi, ta aika a kira masu magani. Kura ta zo, tun daga nesa ta ce a yanke kunnen a ba ta ta kai gida ta duba. Biri ya zo da ganga, ya buga har ya gaji, ya ce ciwon ya ji tsoro ya gudu. Kunkuru ne ya iso a ƙarshe. Bai taɓa ta ba, sai ya zauna ya ce, "Ranki ya daɗe, ina kika kwana jiya?" Ta ce a gindin suri. Ya shafa zuma a bakin kunnen, tururuwa suka fito ɗaya bayan ɗaya. Nan Kaka takan kurɓi gahawarta ta ce, "Ɗiyan nan, mai magani na ƙwarai da tambaya shika farawa."

Ina da shekara tara, lokacin tsinkar auduga, jinta ya fara raguwa. Sai ta yi tambayarta, mu amsa, ta jira, ta dubi fuskokinmu. Wata rana ta jira har wutar ta ja baya, ta ce, "To, kun girma ke nan," ta shige ɗaki. Daga nan tatsuniya ta tsaya.

Babana ya sa ta a lori zuwa Hasahisa, ni na bi su don riƙe mata hannu. Wurin wani mai farar riga muka je, a bayan kasuwa, wanda aka ce yana da saurin aiki. Bai duba kunnen ba. Ya tambayi Baba sunansa, ya koma bayan Kaka, ya ce da Larabci ta maimaita abin da zai faɗa. Baba ya fassara mata. Sai mutumin ya ɗaga murya: "Usman! Usman!"

Kaka ta sunkuyar da kai.

Baba ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "mai hawasha" take ce masa, don shi ke noma hawashar, wato gonarmu ta auduga. Baba ya san haka, amma ya kasa buɗe baki ya bayyana a gabanta. Mutumin ya ce jijiya ta mutu, sai haƙuri.

A cikin lori ta matso kusa da ni ta ce, "Na ji shi sarai. Kamar mai kiran jaki da ya ɓace."

Baba bai haƙura ba. Ya yi ta tambaya a masallaci da bakin tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonaki, wa ya taɓa kai tsohonsa, wurin wa, yaya aka ƙare. Bayan an gama auduga ya kai mu Madani, wurin wani hakim, wato likita, da mutum uku suka ambata. Wannan ya ba Kaka kujera. Ya tambayi yaushe abin ya fara, wane kunne ya fi, ko ta yi zazzaɓi, ko ana ɗiga mata wani abu. Ta ce man riɗi, kullum. Ya leƙa da 'yar fitila, ya ce Baba ya koya masa kalmomin da take faɗa kowace rana. Ya koma bayanta ya ce a hankali, "Gero."

"Gero," in ji Kaka. "Ce masa bakinsa ya karkace."

Ya wanke kunnen dama, aka fitar da abin da ya toshe shi. Na hagu, ya faɗa mana gaskiya, ba zai dawo ba. Ta koma bakin wutarta shekara shida, tana juyo mana gefen dama.

Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. A shekarunsa na ƙarshe shi ma jinsa ya ragu. Ina Damazin da hidimar 'ya'ya, na shiga wani kanti na saya masa abin ƙara ji da ake sawa a kunne, na aika. Ba likita, ba awo. Duk zuwana sai in gan shi da shi a kunne, yana murmushi, yana gyaɗa kai. Na ɗauka na yi abin kirki.

Bayan sadakar bakwai mahaifiyata ta miƙo mini abin kunnen a ƙulle cikin ƙyalle. Ta ce ƙara yake yi masa har kansa ya yi ciwo, sai ya ji sallamata yake sawa, a kashe, don kada raina ya ɓaci.

Na san tatsuniyar nan tun ban kai tsawon turmi ba, na kuma ba 'ya'yana ita. Na zaci an yi ta ne don mu gane likita. Shekara huɗu ina zama kusa da shi a tabarma ɗaya, ban taɓa cewa, "Baba, kana ji na?" ba.