Auta Ya Fita Gaisawa da Manya

Autanmu tun yana jami'a ba ya iya cin abinci a zaune. Cokali a hannu, waya a kunne, takalmi ɗaya a ƙafa. Da ya gama karatun lauya sai abin ya zama ciwo. Wani malaminsu ya ce musu a wannan aiki sai da sanin mutane, shi kuwa ya ɗauki maganar ya kai ta inda mai ita bai nufa ba. Taron lauyoyi, buɗe sabon ofis, ta'aziyyar wanda bai taɓa gani ba, duk yana can yana miƙa hannu. Ni ce babbar yayarsa, ni nake goge masa baƙar rigar kotu, don haka ina da bakin magana.

"Kai wai ba ka gajiya? Zafin nema fa ba ya kawo samu."

"Yaya, wanda ba a gani ai ba a tuna shi."

Shekara guda cur babu ofishin da ya ɗauke shi. Wallahi har tausayi yake ba ni idan ya dawo yana lissafa mini manyan da suka dafa masa kafaɗa.

Ana nan sai wani dattijon lauya mai ƙaramin ofis a saman kantin magani ya kira shi. Zai je asibiti, ga shi yana da shari'ar wani direba da aka kora daga aiki, shekara uku ana fama. Ya miƙa wa Auta fayil.

"Ka miƙe ka ce kana tsaya mini, ka roƙi a ɗage. Shi ke nan. In ka yi, teburin can na gefen taga naka ne."

A kotu, shari'o'in manyan lauyoyi ake fara kira, ƙanana su jira. Auta ya ƙirga kawuna, ya ga shi ne na ƙarshe. Ya zauna yana kaɗa ƙafa. Duk babban da ya gama sai ya tattara takardu ya fice, Auta na bin sa da ido kamar yaron da aka hana fita wasa. Da na huɗu ya tashi, haƙuri ya ƙare. Ya bar fayil a kan benci ya bi shi har bakin mota, yana ta zuba.

Ashe lauyoyi biyar da suka rage a gabansa duk ɗagewa suka roƙa, kowa minti ɗaya. Magatakarda ya kira shari'ar direba sau uku, babu wanda ya miƙe. Alƙali ya kori ƙarar.

Dattijon bai yi faɗa ba. Da yamma a ofis ya saurari Auta har ya gama, bai ko kalli teburin gefen taga ba.

"Mai ƙarar yana waje tun hantsi. Je ka gaya masa da bakinka."

Direban na zaune a kan matakala, rigarsa ta sha guga. Yana ganin Auta ya miƙe tsaye ya cire hula.

"Barista, sannu da ƙoƙari. Yaushe suka ce mu koma?"